Eriyar Baba

Auta ta rungumi bututun eriyar da hannu biyu, ta juya shi kaɗan zuwa dama, sannan ta tsaya ta kasa kunne. Kwanon rufin ya fara ɗaukar zafi, tana jin sa har ta cikin silifas. Daga ƙasa, ta tagar falo, ƙarar cokali a jikin kofin ƙarfe ta taso. Ƙwas. Aka yi shiru. Ƙwas.

Ci gaba ke nan.

Ta ƙara juyawa. Can sama eriyar ta yi kuka kamar za ta zubo. Ba wata abar kallo ba ce. Tsohon wilin keke ne da aka cire wa taya, aka ɗaure masa wayoyin rataye kaya da aka miƙar, a bayansa kuma raga ce da aka yanko daga kejin kaji. Baba ne ya haɗa ta da hannunsa tun Auta ba ta iya ɗaura zani ba. Masu wucewa kan ce Mai Rediyo ya kai kekensa sama don kada a ara. Amma duk layin babu gidan da ke kama tashar garin tar kamar nasu.

A da Baba ne ke hawa. Mama tana falo gaban talabijin tana ƙwala masa, “Ci gaba! Kai, ka wuce, koma! Ya yi, ya yi, kar ka taɓa!” Auta kuma tana tsakar gida tana maimaitawa da ƙaramar muryarta da ba ta kaiwa ko bakin tsani. Yanzu Mama ta rasu. Baba kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya cinye masa dama, ya tafi da harshensa, ya bar masa hannun hagu da idanu. Shi ya sa suka koma ga cokali. Bugu ɗaya a hankali, ci gaba. In ya goga cokalin a bakin kofin, koma baya. In ya buga da sauri a jere, tsaya, ya yi.

Tun daren da aka yi iskar nan mai ƙarfi ba ta ji bugun sauri ba.

“Auta, sauko kafin ki soyu!” Iya Tela ce, mai ɗinkin da ke haya a ɗakin bakin ƙofa, ta fito da tef a wuya tana kare rana da tafin hannu. “Kullum murɗa keken nan kike yi, ko sarƙa ce ta zube?”

“Saura kaɗan, Iya.”

“Jiya ma saura kaɗan, shekaranjiya ma saura kaɗan. Baban naki ya ci wani abu?”

Auta ta girgiza kai. Iya Tela ta daina dariya.

Kowa a gidan ya san abin da Baba ke nema a talabijin ɗin, kuma ba labarai ba ne. Kafin a fara labaran rana da na yamma, tashar kan nuna wasu tsofaffin hotunan gari da kiɗa a ƙarƙashinsu: gada, asibiti, tashar mota, sai kasuwa. A na kasuwar, bayan wani mai tura baro ya gitta, wata mata kan fito da kwando a hannu da mayafi ruwan goro. Sai ta waiwayo ta ga mai ɗaukar hoto, ta kai hannu ta rufe baki tana dariya, ta wuce. Ba ta fi numfashi biyu a allon ba. Mama ce.

Lokacin tana raye ba ta son ganin abin. “Ku kashe, don Allah,” takan ce. “Ji yadda na fito kamar wadda aka koro.” Baba ya ce ai shi ne kaɗai a layin ke auren ’yar talabijin, a riƙa gaishe shi da kyau. Bayan rasuwarta babu wanda ya ƙara yin wasa da shi. Hotunanta na gida duk a tsaye take, ta ƙame kamar an ce kada ta yi numfashi. Nan ne kawai take tafiya, nan ne kawai take dariya. Yayan Auta, da ke aiki a wani gari, ya taɓa gwada ɗauka da wayarsa, sai wasu baƙaƙen layuka suka fito suna hawa suna sauka. Ya ce zai sake in ya dawo. Da ya dawo ya manta, ita kuma ta ji nauyin tuna masa.

Baba kan kalli Mama ta wuce, sannan ya yarda a ba shi abinci. Tun da hoton ya ɗauke ya rufe bakinsa. Ruwa kawai yake karɓa, shi ma sai da lallashi. Iya Tela ta ba da shawara a ɗauke shi a kujera a kai shi gidan Tsohon Direba, maƙwabcinsu, tunda shi talabijin ɗinsa na aiki. Mutum ne mai nauyin kunne, ga rufe tagogi kullum saboda sauro, ga ƙure murya. Baba ya ji shawarar ya juya fuska bango. Auta ta ce a ranta, girman kai ne na mai sana’a. Mutumin da ya gyara wa rabin unguwa akwatin talabijin ba zai je kallon aro ba.

Ƙarar cokalin ta canja. Ba bugu ba ne, ba guga ba ne, wani irin kaɗawa ne a cikin kofin. Kiranta yake yi. Ta sauko.

Falon na warin man zafi da sabulu. Baba na kishingiɗe a gadon da suka shigo masa da shi kusa da taga, gefen bakinsa na dama ya zubo. Allon talabijin ɗin sai yayyafi baƙi da fari yake yi, da wannan shuuu ɗin da ya cika mata kunne har cikin barci. Ya ɗaga cokalin ya nuna bayan akwatin. Ya dube ta. Ya sake nunawa, sannan ya bi da cokalin a hankali ta jikin bango, zuwa taga, zuwa sama.

Kunya ta kama ta. Sau nawa ta ji shi yana faɗa wa yaran shagonsa cewa gyara daga ƙasa ake fara shi, a bi waya taku-taku, tsani shi ne na ƙarshe. Ita kuwa tunda ta ga iska ce ta yi ɓarna, sama kawai ta nufa.

“Na gane, Baba. Yi haƙuri.”

Ta janyo akwatin, ta zare kan wayar ta duba. Allurar tsakiya a miƙe take, babu tsatsa. Ta hura, ta mayar, ta girgiza. Yayyafin bai motsa ba. Ta bi wayar da yatsu ta bayan kabad, ta ƙarƙashin kalandar da ba a canja ba tun bara, ta ramin da Baba ya huda a katakon taga. Ta fita tsakar gida ta jingina tsanin a wani wuri dabam, ta ci gaba da bi. Sai a daidai inda wayar ta lanƙwasa za ta hau rufi ta ji wani kaushi. Bakin kwano ne ya yanke ta, iska ta yi ta goga ta a kai har fatar ta tsage. Da ta matsa wurin, ruwa ya ɗigo mata a hannu. Ta yanko wajen da wuƙa ta kai wa Baba.

Ya karɓa ya kai kusa da ido. Jan ƙarfen ciki ya koma kore, siraran zaren da ke kewaye da shi sun ruɓe suna marmashewa. Ya murza da babban yatsa, ya sunsuna. Rabon da ta ga idonsa ya yi wannan haske tun kafin ciwon. Ya nuna tsawon wayar daga taga zuwa sama, ya yi alamar jefarwa.

“Duka? Sabuwa za a sa?”

Ya buga kofin da sauri.

Tana neman mayafi wayarta ta yi ƙara. Yaya ne.

“Ya ci?”

“A’a, Yaya. Amma na gano matsalar eriyar, waya ce ta…”

“Auta, ki bar maganar keken nan. Ƙarshen wata zan aiko a kafa muku dish, tasha ɗari.”

“Ba ya kama ta garin nan, Yaya.”

“To ta garin nan abinci ce? Ki saurare ni. Na yi magana da likita. In bai ci ba zuwa jibi, zan zo mu kwantar da shi, a sa masa roba ta hanci. Ba zan zauna ina kallo ba.”

Ta juya baya don kada Baba ya ga fuskarta. Ta tuna kwanciyarsu ta farko a asibiti, yadda ya riƙa fizge robar da hannunsa mai lafiya har aka ɗaure hannun a jikin gado da bandeji.

“Zai ci,” ta ce. “Yau zai ci.”

Layin masu gyaran kayan wuta yana can ƙarshen kasuwa, bayan masu sayar da katifa. Auta ba ta son kasuwa. Tun tana ƙarama in aka aike ta, sai ta tsaya a bakin shago har mai shagon ya gaji ya tambaye ta. Ta bi gefe-gefe, guntuwar wayar a dunƙule a hannunta, har ta kai rumfar Fis. Shi ne babban yaron shagon Baba a da. Baba ne ya laƙaba masa sunan, don a shekararsa ta farko ba a yi mako bai ƙona fis ɗin rediyo ba. Yanzu ga shi da tumbi da shagon kansa, talabijin jere a kan katako tun daga ƙasa har rufi, janareta na ruri a baya.

“Ƙanwata! Yau wace rana? Ke da kanki, ba a turo ki da takarda ba?” Ya ture wani kwali ya ba ta benci. “Ya jikin Oga?”

“Da sauƙi.” Ta miƙa masa wayar.

Ya duba ya yi fito. “Ta sha ruwa har ta ƙoshi. Wa ya gano?”

“Shi ya nuna, ni na bi.”

“Oga ke nan. Ko a kwance ya fi mu a tsaye.” Ya janyo nadin sabuwar waya yana aunawa da hannu daga yatsa zuwa kafaɗa. “Keken nan har yanzu yana sama? Ni na riƙe masa tsani ranar da ya kafa shi. Na saki tsanin na tafi kallon faɗa, ya sauko ta bishiya ya biyo ni. Ranar na san Oga ya iya gudu.”

Ta yi murmushi a cikin mayafi. Ya haɗa mata da sabon kai da baƙin salatif, da guntun tiyo da za ta zura wayar a ciki a daidai bakin kwano. Da ta kwance bakin zani ya harare ta.

“Mayar. Abincin Mama da na ci a gidan nan, ko shagon nan na ba ki ban biya ba.”

A lokacin ne ta lura akwatunan da ke kunne duk tashar garin suke nunawa, kuma agogon da ke zuwa kafin labaran rana ya fito. Lokacin hoton Mama ya yi. Ta miƙe ta matsa kusa.

“Bari in ga Mama kafin in tafi.”

Agogon ya cika. Sai wani kiɗa da ba ta taɓa ji ba ya tashi, mai kakaki da gaggawa. Wata shuɗiyar ƙwallon duniya ta juyo, haruffa masu ƙyalli suka taho suka haɗu. Aka nuna dogayen gine-gine daga sama, da sabon titi da fitilu, motoci ƙanana kamar tururuwa. Babu gada. Babu mai baro. Mai karanta labarai ta bayyana a duk allunan lokaci ɗaya, ta yi sallama.

Auta ta ci gaba da kallo, ko za a dawo da shi daga baya.

“Wannan wace tasha ce?”

“Ita ce dai. Sun yi sabon shugaba, ya canja komai, har kujerun. Tun washegarin iskar nan suka…” Ya tsaya. Ya dubi allon, ya dube ta, ya dafe kai. “Wayyo Allah. Wallahi na manta, ƙanwata. Na gani da idona, ko kaɗan raina bai kawo ba.”

Ya bi akwatunan yana kashewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage kukan janareta kawai.

“Oga ya sani?”

“Tun ranar ba mu da hoto.”

Ya zauna a kan kwalin, ya rasa inda zai sa hannunsa. “Wataƙila tsohon yana nan a ajiye. Irin waɗannan wuraren suna da ɗakin tsofaffin kaset. Ko kuma sun zubar, ban sani ba. Sai dai mutum ya je can kan tudu, inda dogon ƙarfensu yake, ya tambaya. Ni in na je da wannan fuskar, mai gadi ma ba zai bar ni ba.”

Ta gyaɗa kai kawai. Ita da ba ta iya tambayar kuɗin albasa, ina ita ina gidan talabijin. Ta ɗauki ledar ta fita, ba ta tuna ko ta yi masa sallama ba.

A mota ta rungume ledar a cinya. Wata mata kusa da ita na faɗa da yaron mota a kan canji, mutane na dariya. Auta na ta juya abu ɗaya a kai. In ba ta gyara ba, ba zai ci ba. In ta gyara, zai zauna ya jira matarsa, a nuna masa ƙwallon duniya. Ta yi tunanin sauka ta bar ledar a kujera. Da aka zo layinsu, ledar na hannunta.

Tun daga ƙofa ta ji kofin na ƙara. Ya ji takunta. Iya Tela, da ta zauna da shi, ta miƙe tana kaɗe zare daga jikinta.

“Tun da kika fita idonsa na kan ƙofa. Na yi masa hira har bakina ya bushe, ko kallo ban ishe shi ba.”

Ya nuna bakin gadon. A nan yake so ta yi aikin, a gabansa. Ta zauna ta ɗauko rezar aski daga akwatin kayansa. Ta zagaye fatar wayar a hankali yadda ba za ta taɓa na ciki ba, ta zare. Ta naɗe siraran zaren baya, ta fere farar robar, jan ƙarfen ya fito sabo yana sheƙi. Wani zare guda ya kwanta a jikinsa, ba ta gani ba. Cokalin ya sauka a bayan hannunta, ba da zafi ba. Ta duba, ta ɗauke shi da farce. In suka haɗu hoto ba zai zo ba, ta sani. Ta sa kan, ta ɗaure, ta ja ta ji ya kama. Ya karɓa ya ja shi ma, ya juya shi ta kowane gefe. Gefen bakinsa mai rai ya ɗan ɗaga.

Aikin sama ya ci ta har rana ta yi sanyi. Ta kwance notin, ta kwantar da bututun a kan kwano, ta goge bakin wayoyin eriyar da samfefa har tsatsar ta fita. Ta ɗaura sabuwar waya, ta naɗe da salatif, ta zura tiyon a bakin kwano. Hannuwanta na yi, zuciyarta na wani wuri. Da ta tayar da bututun, ta hango tudun can ƙarshen gari, da dogon ƙarfen da jar fitilarsa ta fara ƙyaftawa. Labaran yamma sun kusa.

Ta kama ta juya. Ƙwas. Ta ƙara. Ƙwas. Shuuu ɗin da ke fitowa ta taga ya fara tsinkewa, murya na leƙowa tana komawa. Ta ƙara kaɗan. Sai muryar wani mai tallan sabulu ta fito garau, kamar yana tsakar gidan.

Ƙwas-ƙwas-ƙwas-ƙwas!

Ta tsaya, goshinta a jikin bututun. Noti ɗaya ya rage ta ɗaure. Sifanar na aljihun rigarta, tana jin nauyinta.

Ta juya bututun gaba.

Muryar ta nutse. Daga ƙasa aka goga cokali a bakin kofi. Koma baya. Ta ƙara turawa gaba. Aka sake gogawa, da ƙarfi, har haƙoranta suka amsa. Sai bugu ba tsari, ba na tsaya ba, ba na ci gaba ba, bugu kawai. Sannan ta ji kofin ya faɗi ƙasa, ya yi ta garawa a kan siminti har ya kwanta. Ta bar eriyar tana kallon bayan gari, inda babu komai sai gonaki, ta ɗaure notin.

“Na ji kamar ta kawo!” in ji Iya Tela daga bakin keken ɗinkinta.

“Ta ɗauke kuma,” Auta ta ce ba tare da ta dube ta ba.

Ta shiga falo ta kashe akwatin. Ta tsugunna ta lalubo kofin a ƙarƙashin kujera, gefensa ya lotsa. Ta mayar kusa da shi.

“Ta ƙi zama, Baba. Iska ce a sama. Gobe in Allah ya kai mu.”

Ko labule ba ya motsi. Ya dube ta, irin kallon da yake yi wa rediyon da aka ce masa ba a taɓa buɗewa ba alhali ga sawun sukuddireba a jiki. Ta sunkuyar da kai ta zauna a bakin gadon. Tun da abin ya lalace, duk lokacin labarai tana kan rufi tana murɗa bututu cikin hayaniyar titi. Yau ne karon farko da lokacin ya same ta a falon, kuma babu shuuu ɗin da ke cika shi.

Sai bango ya yi magana. Talabijin ɗin Tsohon Direba ne, a ƙure kamar kullum, kuma bangon da ya raba falon biyu bulo ɗaya ne. Agogo ya buga. Kakakin nan ya tashi, sabon kiɗan, kowane sauti a fili.

Ta zabura. Ta hau magana da ƙarfi, ita da ba ta iya ba, tana cewa Fis na gaishe shi, ya yi tumbi, ya ce a tuna masa ranar tsani. Ta janyo kujera tana ƙara a ƙasa. Hannunsa ya kamo wuyan hannunta ya riƙe. Ta saki kujerar.

Ya sake ta ya ɗora hannun a kan bargo. Yatsansa ya fara bin kiɗan. Inda kakakin ya hau, yatsan ya ɗaga. Inda aka yi ɗan tsaiko, ya tsaya tun kafin a tsaya. Ya sauke shi daidai da bugun ƙarshe, ba gaba ba baya. Mutumin da ke gane ciwon rediyo daga ƙofar shago, kwana da kwanaki yana kwance kunnensa a jikin wannan bangon, rana da yamma.

“Ka sani,” ta ce. “Tun ranar ka sani.”

Ya lumshe ido ya buɗe. Hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya ji, ya shige masa kunne. Ta sa bakin mayafi ta goge.

“Shi ya sa ka ƙi a kai ka gidan Direba. Shi ya sa abincin…” Ta kasa ƙarasawa. “To don me ka bar ni ina ta hawa, Baba? Me za mu kalla?”

Ya lalubi cokalin. Ya nuna sabuwar wayar inda ta shige ramin taga. Ya taɓa yatsunta da suka yi baƙi da tsatsa da ƙaiƙayin samfefa. Ya nuna sama, ya daɗe yana nunawa. Ba ta san duk abin da yake nufi ba. Ta dai tuna cewa abin nan na sama su biyu suka riƙa saita shi, ɗaya a rufi ɗaya a falo, kuma yau an gyara shi daidai, ya kawo, ita ta kawar masa da kai.

Ta kifa fuska a kan bargon, kusa da hannunsa. Bai yi komai ba, sai da ya ji ta lafa ya ɗora mata cokalin a ka, a hankali, kamar mai shafawa. Da ta kawo abinci ya kalle shi ya kau da kai. Ba ta matsa ba.

Washegari tun kwano bai yi zafi ba ta kunna akwatin, ta gyara masa filo, ta sa kofin inda hannunsa zai kai. Ta hau. Raɓa ta jiƙa rufin, sai da ta cire silifas. Ta kwance notin ta fara dawo da eriyar wajen tudu. Ta jira. Shiru, har ta ɗauka ba zai amsa ba. Can sai ga shi. Ƙwas. Ta juya. Ƙwas. Ta ɗan zarce, aka goga, ta koma da kamar faɗin yatsa. Bugun sauri ya taso, lotsattsen kofin ya sa sautin ya dushe. Ta ɗaure notin har sifanar ta ƙi tafiya.

A allon wani mutum ne ke bayanin yadda ake dashen tumatir, ana ganin har jijiyar ganyen. Baba bai damu da mutumin ba. Kusurwoyin allon yake bi da ido, yana neman inda hoton zai yi rawa. Bai samu ba.

Ta jiƙa burodi a shayi mai madara, ta karɓi cokalin daga hannunsa ta wanke, ta sa a kwanon ta ajiye masa a kan cinya. Ba ta ce ya ci ba. Ta shiga ɗaki ta sa rigarta ta zuwa unguwa, ta ɗauko mayafi. Da ta fito, cokalin na hannunsa, akwai danshin shayi a gemunsa. Abin da ya ragu a kwanon ba shi da yawa, amma ya ragu.

“Iya, don Allah ki zauna da Baba. Zan je wani wuri.”

“Ina kuma da sassafe, ke da ko bakin titi sai an tura ki?”

“Zan dawo kafin labaran yamma.”

Ta fita ta tsaya a ƙofar Tsohon Direba. Ta daɗe a tsaye kafin ta ƙwanƙwasa. Ya buɗe da singileti, gilashinsa a goshi, ya shigar da ita falo yana tambayar jikin maƙwabcinsa. Ta gaishe shi, ta tambaye shi wace mota ce ke zuwa gidan talabijin.

“Na’am?” Ya kai hannu bayan kunne.

Ta maimaita.

“’Yar nan, buɗe baki. Ni ba na jin raɗa.”

Ta dubi ƙasa, ta dubi ƙofa. Sannan ta ja numfashi, ta ɗaga murya yadda ba ta taɓa yi ba a rayuwarta, har ita kanta ta tsorata.

“Motar gidan talabijin! Kan tudu! Zan je in tambayo hoton Mama!”

Tsohon ya yi baya kaɗan, ya sauke gilashinsa ya kalle ta da kyau. Kafin ya buɗe baki, daga bayan bangon, aka buga cokali a jikin kwano, sau ɗaya, a hankali.

Ƙwas.